Tabilet Goma Sha Biyu da Na Kulle a Akwati

Djougou, Lahadi bayan la'asar

Zuwa ga 'yata ta fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda za ta same ki kin sauka Parakou lafiya, kin gaida Gwaggonki Larai, kin wanke jar ƙasar hanya, kin ci abinci. Allah ya tsare ki a fita da dawowa, ya raba ki da direba mai gaggawa, ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aikinki. Zan sa takardar a ƙasan jakarki, ƙarƙashin ƙullin wagashi, cukun nan da za ki kai wa Gwaggo, don kada ki gan ta sai kin yi nisa. Kin san halina, ni da ke ba mu saba doguwar magana ido da ido ba. Yanzu haka kina ɗaki kina ninke kaya, ni kuma ina tsakar gida a kan tabarma, kina tsammanin gyaran aikin yara nake yi.

Jiya na ji ki kina waya da Gwaggonki. Ba laɓe na yi ba, tankaɗe nake a bayan taga. Kika ce mata, "Gwaggo, malaman nan da zan koya wa tabilet, wasunsu sun girmi Inna. Ta yaya zan tsaya a kan dattijo in ce masa ya yi kuskure? Ni dai zan haska musu a bango, in yi bayani, su rubuta, mu rabu lafiya. In abin ya fi ƙarfina in dawo gida."

Na ajiye rariya na zauna. Na ji daɗin ladabinki, Allah ya sani. Amma na taɓa zama a gaban mai irin wannan ladabi, kuma na san abin da ya biyo baya. Shi zan ba ki labari. Wani ɓangare kin sani, don kina wurin, amma ba ki taɓa jin sa daga bakina ba.

Lokacin da nake koyarwa a ƙauye, can Bariénou, wata ƙungiya ta kira mu Parakou formasiyo, wato horo, na kwana biyar, a koya mana aiki da tabilet a aji. Mai koya mana wani saurayi ne, Mushe Idrisu, wato Malam Idrisu da Faransanci, sa'ar ƙanina. Yaron kirki. Kullum da safe sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya rusuna ya gaishe mu. Daga nan ya kunna injin da ke haska hoto a bango, ya ce a danna nan, sai a danna can, mu kuma mu rubuta. Ni ce na fi kowa kyan rubutu. Na ja layi da jan biro, na zana kowane maɓalli, na sa lamba. Shi da kansa ya ɗaga littafina ya nuna wa mutane.

Rana ta biyu ya miƙo mini tabilet ya ce, "Madam, ki gwada." Na ga mutum talatin suna kallona, ni da nake metires, malamar aji, shekara goma sha ɗaya, yara suna miƙewa tsaye in na shigo. Idan na danna abin ya ƙi fa? Sai na ce masa, "Mushe, hannuna da mai, yanzu na ci ƙosai." Ya yi murmushi ya ce, "To, ba komai, Madam," ya wuce. Washegari na sake faɗa masa haka. Malam Sabi, wani malami mai barkwanci da ke zaune kusa da ni, ya sunkuyo ya ce, "Metires, wai sabulu ne ya ƙare a Parakou? Hannun nan kwana biyu yana mai." Na harare shi, muka yi dariya, maganar ta wuce. Ranar ƙarshe aka ba ni takardar shaida da sunana a jiki, aka ɗauke mu hoto. Na hau mota na koma ban taɓa kunna abin da hannuna ba ko sau ɗaya.

Ba na ganin laifin Mushe Idrisu, ya girmama ni ne iya saninsa. Amma da ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya ce, "Madam, ga tsumma ki goge, ina jira," da ya yi mini gatan da ya fi rusunawar nan tasa.

Don haka ki ji. Ki gaida su yadda na koya miki, ki sassauta murya, ki ce Baba, ki ce Mama a waje in kin ga dama. Amma kada ladabi ya sa ki bar kowa ya tafi bai taɓa ba. Kada ki tsaya a kan dattijo, ki zauna a gefensa. Kada ki sa shi gwaji na farko a gaban jama'a, ki haɗa su biyu-biyu, su yi kuskurensu a tsakaninsu, su yi wa juna dariya. In ya rikice kada ki karɓe daga hannunsa ki gyara masa, ko da yatsunki suna ƙaiƙayi. Ki ɗora hannuwanki a cinya ki ce, "Me kake gani a sama, Baba? To, taɓa shi mu gani." Kuma ki duba wadda littafinta ya fi na kowa tsabta. Ita ce ta fi kowa jin tsoro.

Bayan mun dawo aka kawo wa makarantarmu tabilet goma sha biyu, da farantin hasken rana na caji, tunda babu wuta a ƙauyen. Dirakta, shugaban makarantar, ya ce ni na je Parakou, ni zan riƙe. Na sa hannu a takarda.

Kin san gidan da na fito. Kakanki Alhaji goro ya sayar duk rayuwarsa, mahaifinsa ma haka, tun zamanin da fatake ke zuwa Gwanja da jakuna. Na tashi ina ganin yadda ake shimfiɗa ganyen fita, a jera goro, a rufe, a ɗaure huhu, a kai ɗaki mai sanyi inda iska ba ta kaiwa, hannun yaro ma ba ya kaiwa. A gidanmu abu mai daraja rufe shi ake yi. Saboda haka na ɗauko tsohon zanena, na yanka shi gida goma sha biyu, na naɗe kowace tabilet da kyau. Na kawo akwatin ƙarfen da aka yi mini na aure, na jera su a ciki, na sa kwaɗo. Mabuɗin na zura shi a zare na rataya a wuya, ƙarƙashin riga. Ranar na yi barci da kwanciyar hankali, ina ganin na cika amana.

Yara sun fi arba'in a ajin, yawancinsu 'ya'yan manoma masu jin yaren Yom. Sun ga lokacin da aka sauke kwalayen. Kullum sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Metires, yaushe?" In ce, "In kun natsu." Wata ya wuce, suka sake tambaya, na ce in an gama jarrabawa. Aka gama, na ce in damina ta wuce, kada danshi ya shige su. Amma amsar da na fi ba su ita ce ta farko, in kun natsu. Gaskiyar kuwa ita ce ban san yadda ake kunnawa ba, kuma ba zan iya barin yara su gane haka ba. Farantin caji dai bai yi zaman banza ba, duk wayoyin malamai har da ta mai gari a can suke shan wuta.

Shekarar nan kina ajina, kina da shekara goma. Wata Alhamis lokacin hutun safe na buɗe akwatin don in kaɗe ƙura, sai Dirakta ya aiko kirana. Na fita na manta ban kulle ba. Da na dawo na tarar da ke a durƙushe, kin kwance ɗaya, kin kunna ta, 'yan mata uku sun kewaye ki. Abin da na kasa cikin kwana biyar a Parakou kin yi shi kafin in je ofis in dawo. Kika ɗago fuskarki tana haske, kika manta a makaranta muke, kika ce, "Inna, duba, ga taswira! Ga Djougou nan, ga hanyarmu!"

Na ɗauki rula na buge miki hannu. Na ce, "Wa ya ba ki izini?" Ba ki yi kuka ba. Kika naɗe ta da zanen yadda kika same ta, kika mayar, kika koma kujerarki. Ba mu sake ta da maganar ba har yau.

Akwai abin da ya fi rular nan daɗewa a raina. Shekarar nan duka ban kira ki a aji ko sau ɗaya ba. Ke 'yar fari ce, ba na faɗin sunanki, haka na ga mahaifiyata ta yi da yayana, haka duk matan gidanmu suke yi. In ina kiran suna da safe na zo kan naki, sai in ɗaga ido in ga kina nan, in yi alama in wuce. Ga kuma tsoron kada iyaye su ce metires ta fifita tata. Watan farko kina ɗaga hannu a kowace tambaya. Wata na biyu kina ɗagawa rabi, gwiwar hannu a kan tebur. Bayan ranar akwati kika daina. Yanzu mutane suna cewa, "Habsatu, 'yarki akwai kunya, ba a jin muryarta." In ce alhamdulillahi. Amma na san inda wani yanki na shirun nan ya samo asali.

Ki faɗa wa malamanki wannan, ba sai kin ce ni ce ba. Kowane aji yana da yaron da malami yake tsallakewa da dalilin da yake gani mai kyau ne: wannan ɗana ne, wannan ba ya jin Faransanci, wannan ba ta son magana, kada in takura mata. In na'ura ta shigo aji, masu baki ne suke fara cafkewa, na bayan kuma su ƙara komawa baya. Sai malami ya tsara yadda za ta zaga, ya san hannun wa ta shiga yau, hannun wa za ta shiga gobe. Na'urar ba za ta yi masa wannan ba.

Bayan shekara da 'yan watanni, mutanen ƙungiyar suka aiko za su zo ganin yadda aiki yake tafiya. Aka share fili, yara suka wanke kakinsu. Na buɗe akwatina ina alfahari, na kwance zane ɗaya bayan ɗaya na jera a tebur. Babu ko ƙwarzane. Wata mata a cikin baƙin ta ɗauki ɗaya ta danna, shiru. Ta ɗauki ta biyu, shiru. Uku daga ciki sun kumbura ta baya kamar burodi, zafin kwanon rufi da rashin caji sun kashe batirin. Aka jona sauran a farantin rana muka jira. Huɗu ne kawai suka farka.

Matar ba ta yi mini faɗa ba. Ta juya wurin yara ta tambaye su cikin fara'a me suka koya da tabilet. Sai wata yarinya mai suna Asana, wadda ke zama a layin ƙarshe, ta miƙe ta harɗe hannu a ƙirji yadda na koya musu, ta ce, "Madam, ba mu natsu ba tukuna."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba. Ta yarda da maganata ne. Duk tsawon lokacin nan yaran suna tsammanin laifinsu ne.

Ranar Asabar na hau babur na zo Djougou, na sami kakanki a zaure yana tsintar goro, na zauna na ba shi labari duka, har da zanen da na yanka. Na ɗauka zai ce na yi ƙoƙarin riƙon amana. Sai ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce, "Ke Habsatu, a gidan wa kika koyo wannan? Kin taɓa ganin na ɗaure huhu na tafi na bar shi shekara? Ba kya ganina duk bayan 'yan kwanaki ina kwancewa, in juya, in fitar da mai sankara, in sake ganye, in yayyafa ruwa? Ke rufewar kawai kika kalla, lokacin buɗewa kina wurin wasa." Ya ɓare goro ɗaya ya miƙo mini rabi, ya ce, "Ungo, ci. Shi ma wannan don a ci na ajiye shi."

Ranar Litinin na shiga aji da tabilet huɗun da suka rage. Na tsaya a gaban allo na ce, "Yara, ban iya wannan abin ba. Za mu koya tare." Na jira su yi dariya. Ba wanda ya yi. Asana ta ce, "Metires, yayana yana da waya, a gefe ake dannawa." Na ce to zo ki danna.

Na raba su gida huɗu. Darasinmu na tsirrai ne, wanda da nake rubutawa a allo su kwafa. Na ce kowace ƙungiya ta fita bayan makaranta ta ɗauki hoton abin da ta gani yana tsiro. Suka dawo da kunyar doya, da dawa, da kaɗanya, da kashu, da wani ɗan ganye da ni ban san shi ba. Suka yi ta gardama kan sunansa da Yom, har aka je aka ɗauko muryar kakar wani tana faɗin sunan da abin da ake yi da shi. Sannan muka nemo na Faransanci muka rubuta a ƙarƙashi. Hayaniya kam an yi ta. Dirakta ya leƙo ta taga ya ce, "Metires, yau kasuwa a ajinki take ci?" Na ce, "Shigo ka saya, Dirakta." Ya shigo, bai fita ba sai da aka kaɗa ƙararrawa. Yaran da ban taɓa jin muryarsu ba ranar na ji ta, domin abin da ake tambaya na gonar ubansu ne, sun fi ni saninsa.

Bayan mako biyu ɗaya ta suɓuce daga hannun Asana, gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Yarinyar ta miƙo hannu tana jiran rula. Na ce, "Ɗauko ta mu gani, tana kunnuwa?" Tana kunnuwa. Da tsagar nan ta yi mana aiki shekara uku, ta fi takwas ɗin da na kashe da tarairaya amfani.

Ke lokacin kin wuce ajina. Kina ajin gaba, a ɗaya gefen bango, kina jin hayaniyarmu. Wannan ne kawai abin da har yanzu in na tuna nake jin nauyi a ƙirji. Sauran kuwa alhamdulillahi. Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a aikina, kuma da na ga kin zaɓi karatun na'ura da kanki, kin gama, har ga shi an ɗauke ki ki koya wa malamai, na san Allah ya gyara abin da na so ɓatawa.

Malaman da za ki tarar, da yawansu suna da akwati irin nawa, ko a ofishin dirakta ko a zuci. Ba mugunta ba ce. An ba su amana suna tsoron ta lalace a hannunsu, kuma suna tsoron yaro ya gan su ba su sani ba. Ki tambaye su tun ranar farko a ina za a ajiye, wa zai riƙa sa caji, ranar da malami ba ya nan wa zai buɗe. Ki ce musu za ta faɗi, za ta tsage, kuma ba ƙarshen duniya ba ne. Kada ki bar su su tafi sai kowa ya tsara darasi guda na ajinsa, wanda yara ne za su riƙe na'urar, shi yana zagayawa. In wanda ya haska a bango yara suka kwafa ne, to allo ne kawai ya canja, ajin yana nan yadda yake.

Na zaman Parakou ba zan tsawaita ba, kin san su. Ki taya Gwaggonki aiki ko da ta ce ki bari. Ki sa hular kwano in za ki hau zem, babur ɗin haya, ko da hijabinki zai yamutse. Kada ki fita ba ki karya ba, mai yunwa ba ya haƙuri da mai koyo. Ki riƙe sallarki a kan lokaci.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ce kada ki karanta sai kin yi nisa. Makarantarmu ta nan Djougou ma za a kawo mata sababbin tabilet, irin waɗanda ban sani ba. Dirakta ya tambaya wa zai je formasiyo. Matasa suka ce, "Mama Habsatu, ke da saura shekara uku ki huta, ki bar mana." Na ce a rubuta sunana. Na ga takardar, na ga sunan mai koyarwa, naki ne. Ina cikin rukuni na biyu, waɗanda za su zo bayan mako uku.

Saboda haka maganar dawowa gida ki ajiye ta. In kika dawo, zan je in tarar da wani mai ladabi ya haska mini a bango. Zan zo da sabon littafi da jan biro, zan nemi kujerar baya, don har yanzu tsoron bai gama fita ba. Mai yiwuwa in ce miki hannuna da mai. Kada ki yarda. Ki jawo kujera ki zauna kusa da ni, ki kira ni Madam Habsatu kamar kowa, in na yi kuskure ki faɗa mini. In na ɗaga hannu ki kira ni, ko da yake ni ban kira ki ba.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ji wani abu mai ɗan nauyi. Mabuɗin akwatin ne, da zarensa. Kwaɗon na daɗe da jefar da shi, akwatin yanzu albasa nake zubawa a ciki. Ki sa shi a jakarki, in kin ga wani dattijo ya ƙi taɓawa, ki nuna masa ki ba shi labarin wata metires.

Ki yafe mini rular nan, da shekarar da na bar hannunki a sama.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya sa albarka a bakinki da hannunki, ya sa waɗanda za ki koya wa su ji daɗin zama da ke. Babanki da ƙannenki suna yi miki addu'a. Ki gaida Gwaggo Larai, ki ce mata ta gyara mini shimfiɗa.

Allah ya yi miki albarka, Nafisatu. Ga shi na rubuta, kuma in na zo zan faɗa da baki.

Mahaifiyarki,
Habsatu